Tsakanin Mai Bayarwa da Mai Karɓa: Lacca a kan Rayuwar Ma'aikacin Agaji



 Ya mai girma shugaban wannan zama, Allah ya ja zamaninka. Malamanmu masu daraja, Allah ya gafarta muku. Iyayenmu mata, 'yan'uwana ma'aikata, da ɗaliban da na ga sun cika kujerun baya, ina yi muku barka da zuwa. Ina kuma gode wa waɗanda suka shirya wannan majalisi, suka zaɓi yin sa ranar 19 ga Agusta, watau ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe domin tunawa da ma'aikatan jinƙai, saboda a irin wannan rana ce, cikin shekarar 2003, bam ya tashi a ofishinta na Bagadaza, ya halaka mutum 22.

An nemi in yi magana a kan rayuwar yau da kullum ta ma'aikacin ƙungiyar agaji, da abubuwan da suke ci masa tuwo a ƙwarya. Zan taƙaita zancena a kan Barno da Yobe, domin can na yi aikina, kuma wanda nake nufi da ma'aikaci a nan shi ne ɗan ƙasa: mai rajistar sunaye, da ungozoma, da direba, da mai tsaron sito, da akawun da ke kwana a kan takardu. Abin da nake son in tabbatar muku kafin in sauka daga nan shi ne, wannan bawan Allah an ɗora masa amana ba a ba shi iko ba, kuma mafi yawan ɓacin ransa daga nan ya samo asali, domin shi ne ake turawa ya furta wa mabukaci "babu", alhali kuwa a wani wuri mai nisa aka yanke hukuncin, ba da shawararsa ba.

Mas'ala ta farko: matsayinsa.

Jama'a suna yi wa ma'aikacin agaji kallo iri biyu, waɗanda ba su haɗuwa, amma sau da yawa daga baki ɗaya suke fitowa. Idan ya yi kukan cewa albashinsa ya makara, sai a ce masa, "Kai da kake aikin lada, me ya kai ka zancen albashi?" Idan kuwa aka gan shi cikin farar mota mai tambarin ƙungiya, wadda ba tasa ba ce, wadda ma ba ya da ikon ɗaukar mahaifiyarsa a ciki ko da ya same ta a bakin hanya, sai a ce, "Ai ku dala kuke ci." To, wanne ne gaskiya, mai aikin lada ne ko maciyin dala?

Shari'a ta riga ta raba wannan gardama tun da daɗewa. Malamanmu da ke zaune a nan sun fi ni sanin cewa aya ta 60 cikin Suratut Tauba ta lissafa sinfi takwas na waɗanda ake ba zakka, kuma na ukunsu, bayan fakirai da miskinai, su ne ma'aikatan da aka ɗora wa tattara ta da raba ta. Malaman fiƙihu kuma suka bayyana cewa ana ba wannan ma'aikaci rabonsa ko da mawadaci ne, domin ijarar aikinsa ce aka biya shi, ba talaucinsa aka duba ba. Haka nan kuma sananniyar ƙissa ce cewa wani da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya aika karɓar zakka, ya dawo ya ware wani abu ya ce kyauta ce aka ba shi, sai aka yi masa inkari mai tsanani a bainar jama'a. Kun ga ke nan an ba ma'aikaci haƙƙi, an kuma kafa masa haddi. Mu kuwa a yau mun riƙe haddin da ƙarfi, wanda hakan daidai ne, amma haƙƙin muna jin nauyin ambatonsa, kamar dai neman ladan gumi yana rage ihlasi.

Mas'ala ta biyu: jerin sunaye. A nan zan daɗe, don nan ne zuciyar al'amarin.

Tun daga watan Yulin 2009 da fitinar Boko Haram ta ɓarke, mutum fiye da miliyan 2 suka bar gidajensu a arewa maso gabas, kuma da yawansu sun taru ne a garuruwa irin su Bama, Dikwa, Monguno, Ngala, Banki da Gwoza, inda aka haƙa rami aka kewaye gari, soja na tsaron ƙofa, manomi ba ya iya nisa da garin ya yi noma sai ya sayar da ransa. Mutumin da a da yake cika rumbu ya fitar da zakkar hatsi, ya wayi gari yana riƙe da kati yana jiran a kira lambarsa.

Ku ƙaddara an ba ƙungiya kuɗin da zai ciyar da gida 2,000, alhali gidajen da ke wurin sun kai 5,000, kuma babu ɗaya cikinsu da ya ƙoshi. Dole a kafa mizani. Sai a ce za a fara da matar da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, da tsohon da ba shi da mai kula da shi, da naƙasasshe, da mai juna biyu; a zauna da bulama da lawani da wakilan mata a tace sunaye, a ɗauki zanen yatsa, a buga kati, a rufe rajista. Duk wannan hikima ce, ban kushe ta ba. Amma ranar rabo, tun kafin a idar da sallar asuba layi ya miƙe, kuma a ƙarshen layin za ka tarar da waɗanda suka fito daga daji shekaranjiya, bayan an rufe rajista, ƙafafunsu a kumbure, su ne mafi yunwar duk wanda ke wurin, kuma su ne ba su cikin takarda.

Na ga wata tsohuwa wadda sunanta yana cikin takarda, katinta yana hannunta, amma na'urar ta ƙi karanta yatsanta, domin fartanya da faskaren itace sun shafe zanen. Yaron da ke riƙe da na'urar ya goge mata yatsan da ruwa, ya gwada na dama, ya gwada na hagu, ya shafa mata ɗan mai ya sake gwadawa, rana tana dukansu, mutanen da ke baya suna ta hayaniya. Da ta ga abin ya ƙi, sai ta dube shi ta ce, "Ɗana, ga ni a gabanka. Ni ba mutum ba ce?" Ya ce, "Iya, ki yi haƙuri, zan kai maganarki ofis." Buhunan nan suna jibge a bayansa, taku kaɗan ne tsakaninta da su, amma idan ya ɗauki ɗaya ya ba ta ba tare da na'ura ta amince ba, a takarda ya zama ɓarawo. Ya kai maganar kamar yadda ya yi alkawari, aka kuwa gyara, amma sai a rabon wata mai zuwa. Me ta ci a tsakanin? Wannan tambaya ba ta da gurbi a cikin fom, amma yaron nan da ita ya kwana.

Akwai wanda ya fi wannan ciwo. Waɗanda suka yi aiki a asibitin tamowa sun san ɗan siririn ma'aunin nan da ake zagaya wa damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5, mai launi uku: kore ga wanda ya kai santimita 12.5, ruwan ɗorawa ga wanda ke tsakanin 11.5 da 12.5, ja ga wanda ya gaza 11.5. Na ja shi ne ake ba abincin tamowa, wannan kwaɓin gyaɗa da madara da sukari da mai, wanda aka ƙirƙiro a Faransa a 1996, aka kuma fara ganin ƙarfinsa sosai a yankin Maraɗi lokacin yunwar 2005. Kwali ɗaya mai ƙunshi 150 yakan tayar da yaro guda cikin mako shida zuwa takwas da yardar Allah. To, idan kuɗi ya yi ƙaranci, shirin da ke kula da na ruwan ɗorawa shi ake fara rufewa. Sai uwa ta zo da yaro tun daga nesa, a auna, a ga 11.7. Ma'aikaciyar jinya ta san abin da zai faru, uwar ma ta sani: za ta koma gida, yaron ya ƙara ramewa, bayan mako biyu ko uku ta dawo da shi ya shiga ja, sa'an nan ya cancanta, idan Allah ya sa ya kai. Ina roƙonku ku tsaya ku yi tunanin halin wadda aka horar domin ta warkar, aka kuma sa ta ce wa uwa ɗanta bai rame yadda ya kamata ba tukuna. Wane albashi ne zai biya wannan?

Mas'ala ta uku: takarda da hisabi.

Kada wani ya fahimce ni a karkace. Ba na ƙin lissafi, kuma wanda ya san cewa aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, ba zai raina rasit ba. Muna kuma da dalilinmu na gida, domin a watan Yunin 2017 gwamnatin tarayya da bakinta ta bayyana cewa abincin da ake aika wa 'yan gudun hijira, wanda ya kai kusan rabi, ana karkatar da shi a hanya kafin ya isa. Inda aka yi irin wannan, dole mai bayarwa ya tsananta bincike, kuma mai gaskiya shi ke biyan bashin maha'inci.

Abin da nake kuka da shi shi ne yawan takardar da kuma alƙiblar da ta fuskanta. Kowane mai bayar da tallafi yana da fom nasa, da kalandarsa, da irin yadda yake son a ƙirga mutane, duka kuma da Turanci. Ƙungiyar da ke karɓa daga wurare huɗu za ta ba da labarin rijiya ɗaya sau huɗu, a siga huɗu. Ma'aikaci ya dawo daga fili da la'asar, jikinsa duk ƙura, maimakon ya huta sai ya buɗe kwamfuta, janareta na ruri, ya kai tsakar dare yana cike gurabe, kuma mutanen Maiduguri ba su manta da watannin da suka yi cikin duhu ba tun daga Janairun 2021 da aka fasa turakun wutar da ke zuwa daga Damaturu. Ana bukatar farashin 'yan kasuwa uku kafin a sayi kaya, a garin da mai shago ɗaya ne ya rage. Ana bukatar rasit mai hatimi daga mai amalanke, ko daga mai kwale-kwalen da ya haye da magani lokacin da damina ta yanke hanyar Rann.

Sa'an nan kuɗin kansa a ɗaure yake zuwa. Wanda aka bayar don haƙa rijiya ba a sayen magani da shi, ko da kwalara ta ɓarke a bakin rijiyar, sai an rubuta an nemi izini, izinin kuwa yakan ɗauki makonni. Daren 10 ga Satumban 2024, da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya ci Maiduguri, irin wanda ba a gani ba tun 1994, akwai ma'aikatan da gidajensu ke cikin ruwa, suna tsamo mutane da rana, da dare kuma suna rubuta wasiƙar neman a yarda su juya kasafi zuwa ga abin da idonsu ke gani. Ƙananan ƙungiyoyin gida kuwa, waɗanda ake ba su kuɗi da naira, sun sha wata wahalar daban: an amince da kasafinsu lokacin da dala take wajen naira 460 a farkon 2023, kafin shekara ta zagayo an cire tallafin mai, dala ta haura 1,500, kuɗin buhu 100 ya koma ba ya sayen 60, mai binciken kuɗi kuma ya zo yana tambayar ina sauran.

Duk wannan hisabi sama yake tafiya. Mai bayarwa yana da ikon tambaya, yana da ikon hanawa. Tsohuwar da na ambata fa, wa take tuhuma? An rataye akwatin ƙorafi a bakin sansani, gaskiya ne, amma ba ta rubutu. An ba da lambar waya, amma ba ta da waya. Iyakar wanda hannunta ke kaiwa gare shi shi ne yaron nan mai na'ura, wanda shi ne mafi ƙarancin iko a duk silsilar.

Bari in ɗan ratse in faɗi wani abu da ke damuna ƙwarai, watau hoto. Kusan kowane rahoto ana son a haɗa shi da hoton wanda aka taimaka, yana riƙe da buhu, tambarin mai bayarwa na fuskantar kyamara. Na ga dattijo mai furfura, wanda a garinsu shi ake kai wa gaisuwa, an ce ya ɗan ɗaga buhun sama don rubutun ya fito. Mu da aka yi wa gargaɗi a Suratul Baƙara cewa gori da cutarwa suna ɓata sadaka, ya kamata jikinmu ya yi sanyi da wannan. An ce ana neman yardarsa kafin a ɗauka. To, mai jin yunwa da ke tsaye gaban buhu, yaya zai ce bai yarda ba?

Mas'ala ta huɗu: kwantiragi.

Galibin ma'aikatan nan ba su da aikin dindindin. Takardar wata shida ce, ko tara, ko shekara idan an yi sa'a, domin ranar da tallafi ya ƙare ita ce ranar da aiki ya ƙare; mutum yana shiga wata na huɗu ya fara kasa kunne ko za a sabunta. A ƙarƙashinsu kuma akwai waɗanda ake kira 'yan sa-kai, masu bin gida gida, su ne ƙafafun aikin, alawus kaɗan ake ba su, babu inshora, babu sallama. Duk da haka mai gidan haya da ya ji inda kake aiki sai ya ƙara kuɗi, dangi kuma kowa ya kawo maka takardar asibitinsa, kai kuwa ba ka san ko kana da aiki bayan Sallah ba.

A taron jinƙai na duniya da aka yi a Istanbul a watan Mayun 2016, manyan masu bayarwa sun yi alkawarin cewa kafin 2020 kashi 25 cikin 100 na kuɗin agaji zai riƙa zuwa hannun ƙungiyoyin cikin gida kai tsaye gwargwadon iko. Shekarar ta zo ta wuce, alkawarin bai cika ba. Kuɗi yakan sauko ne hawa hawa, daga gwamnatin waje zuwa hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya, zuwa babbar ƙungiya, zuwa ƙaramar ƙungiyar gida, kowane hawa yana cire kuɗin gudanarwarsa, sai na ƙarshe, wanda shi ne zai shiga daji, a ce masa nasa kuɗin na kaya ne kawai, hayar ofis da man mota ya nemo a wani wuri.

Ranar 20 ga Janairun 2025 sabuwar gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje na kwana 90, cikin 'yan kwanaki wasiƙun tsayar da aiki suka iso, kuma zuwa 1 ga Yuli hukumar USAID ta rufe. A watan Yulin 2025 Hukumar Abinci ta Duniya ta sanar cewa kayanta sun ƙare, taimakon mutum miliyan 1.3 a arewa maso gabas yana gab da tsayawa, tare da cibiyoyin tamowa fiye da 150 a Barno da Yobe. Ba ni da hurumin hana wata ƙasa yin abin da ta ga dama da dukiyarta. Abin da na sani shi ne, wanda ya sa hannu a Washinton ba shi ne ya je ya tara bulamomi ya gaya musu ba. Ɗan ƙasa aka tura, da takardar sallamarsa a aljihu, ya tsaya gaban mutanen da suka ba shi ruwa ya sha, ya ce musu daga wata mai zuwa kada su zo.

Mas'ala ta biyar: zargi da haɗari.

Ƙa'idar aikin jinƙai, tun daga kafa kwamitin Red Cross a Janiba a 1863, ita ce a taimaki mabukaci ba tare da duba ɓangarensa ba, kuma mai riƙe da wannan ƙa'ida a fagen yaƙi kowane ɓangare zarginsa yake yi. Soja yana tsoron kada abinci da mai su faɗa hannun abokan gaba, kuma tsoronsa yana da hujja. A kan irin wannan zargi aka rufe ofisoshin Action Against Hunger da Mercy Corps a Satumban 2019, aka buɗe su a ƙarshen Oktoba. Gwamnatin Barno, da ta rufe sansanonin Maiduguri daga 2021, ta ce ba ta son mutanenta su dawwama suna jiran rabo, wannan ma magana ce mai ma'ana, ko da yake an yi saɓani a kan ko garuruwan da aka mayar da su sun aminta. Masu ɗauke da makamai kuwa suna kiran ma'aikaci ɗan leƙen asiri.

A Rann kaɗai, ranar 17 ga Janairun 2017 jirgin yaƙi ya jefa bam bisa kuskure a kan 'yan gudun hijira, mutum fiye da 100 suka rasu, cikinsu har da 'yan Red Cross ta Najeriya shida da suka je rabon abinci. Ranar 1 ga Maris 2018 aka kai hari garin, aka kashe ma'aikatan agaji uku, aka tafi da mata uku. Biyu daga cikinsu, Saifura Hussaini Ahmed Khorsa da Hauwa Mohammed Liman, masu aikin karɓar haihuwa, aka kashe su a Satumba da Oktoban shekarar. Mata ne masu ƙuruciya, 'ya'yan wannan ƙasa, sun je ne domin mace ta haihu lafiya a garin da babu likita isasshe. Allah ya jiƙan su, ya sa aikinsu ya bi su. A duniya baki ɗaya, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirga ma'aikatan agaji 383 da aka kashe a 2024, kusan rabinsu a Gaza, kuma mafi yawansu 'yan ƙasar da suke aiki a ciki ne.

Wanda ya tsira da ransa kuma ba lalle ne ya tsira da natsuwarsa ba. Na san mazaje da suka daina barci, da waɗanda suka koma masu saurin fushi a gida, matansu ba su san dalili ba. Mukan ce musu su yi haƙuri, su yi tawakkali, kuma haka ya kamata mumini ya yi. Amma haƙuri ba ya hana a ba mutum hutu, ko a zauna a saurare shi, ko a kai shi ga likita.

Ba zan wanke mu duka ba. A cikinmu akwai masu yawon bita daga otal zuwa otal don kuɗin zama, akwai mai cusa sunan ɗan'uwansa a rajista, akwai ma, wa'iyazu billahi, wanda ya yi amfani da kati ya keta mutuncin mace mabukaciya. Waɗannan ha'inci ne, hukunci ya dace da su, kuma kowane ɗayansu yana ƙara wa na kirki tulin takarda da tulin zargi.

Mas'ala ta shida, wadda ita ce ta ƙarshe, ta shafe mu ne mu da ke ɗakin nan.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma muddin kuɗin gyaran daga wani gida yake fitowa, sai ya jira a yarda da abin da ya gani. Mu ba mutane ne marasa kyauta ba. Wanda ya ga abin da ake fitarwa a Kano da Kaduna da Sakkwato cikin watan Ramalana ba zai ce haka ba. Sai dai kyautarmu ta rana ɗaya ce, a ƙofar gida, kuma mun ga abin da turmutsitsi ya haifar a Bauchi cikin Maris 2024, inda mata da yara suka rasu wajen karɓar zakka. Abin da zai hana irin wannan shi ne daidai aikin da ma'aikacin agaji ya ƙware a kai: ƙirga mutane tun da wuri, raba kati, tsara layi, kai wa tsoho nasa har gida. Amma idan ka je wa attajiri da wannan, yakan ce zai sayi shinkafa, ba zai biya albashi ba, domin yana son ya ga sadakarsa a buhu. Alhaji, Allah ya ƙara arziki, wa zai ɗauki buhun ya kai Damasak? Da wane mai? Wa zai tsare siton?

Magabata sun bar mana hanya. Sayyidina Umar ya tsayar da gonarsa ta Haibara, asalinta ba a sayarwa ba a gado, amfaninta na mabukata, kuma ya halatta wa mai kula da ita ya ci daga ciki gwargwadon al'ada. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa Musulmi. Wannan shi ne hubusi, kuma fa'idarsa ga mas'alarmu ita ce ba ya ƙarewa bayan wata tara. Muna da tubalin ginawa: Jama'atu Nasril Islam tun 1962 take, 'yan agajinta da na sauran ƙungiyoyi suna ko'ina, Kano ta kafa Hukumar Zakka da Hubusi a 2003, wasu jihohin ma suna da irinta. Rumfuna goma a kasuwa, ko gidan haya, ko gona, idan aka tsayar da su da sunan wata cibiyar tamowa, aka rubuta a sharaɗin cewa daga kuɗin za a biya ma'aikaciyar jinya da direba, aka kuma sa wakilan unguwar cikin masu duba lissafi, to wannan cibiya ba za ta rufe don an yi zaɓe a wata nahiya ba, kuma yaron da ya auna 11.7 za a iya karɓarsa a ranar da ya zo. Ban ce wannan zai maye gurbin miliyoyin dalolin da suka tafi ba, nauyin ciyar da miliyoyin mutane na hukuma ne, kuma a wuyanta yake. Amma cibiya ɗaya, biyu, goma, wannan bai fi ƙarfin mutanen da na sani a garin nan ba.

Malamanmu, ina roƙonku da girman Allah, idan kun zo babin zakka a majalisanku, ku ɗan tsaya a kan sinfi na uku ku warware wa masu dukiya shi. Shugabannin ƙungiyoyi kuma, ku bar wa na fili ɗan abin da zai iya yanke hukunci a kansa nan take, ko buhu biyar ne a kowane rabo, ya rubuta dalili daga baya, a bincike shi a kai. Ɗalibai da suka tare ni a ƙofa suna tambayar yadda ake samun aikin, ina nan bayan an tashi, ku zo mu zauna, zan gaya muku abin da ake karantawa da inda ake farawa.

Ya shugaba, na ga ka dubi agogo, kuma na ci lokacin da ya wuce wanda aka ba ni.  Inda na yi daidai daga Allah ne, inda harshe ya zarce ina neman afuwa. Na ga a cikinku akwai waɗanda suka yi aiki a wuraren da na ambata, zan so su ma su tofa albarkacin bakinsu. Wanda ke da tambaya ko gyara, bismillah, ya ɗaga hannu, a fara daga ɓangaren iyayenmu mata.